Jitar Bes Ba 'Yar Rakiya Ba Ce

Ɗalibai da yawa masu koyon kiɗan pop suna ɗauka cewa jitar bes, wato jitar da ke ba da sauti mai kauri, kayan wanda bai ƙware ba ne, tunda yawanci tsirkiya huɗu gare ta, alhali jita ta yau da kullum tana da shida. Wannan fahimta ta daɗe, kuma ina ganin lasifikar waya ta ƙara mata ƙarfi, domin ba ta iya fitar da sauti mai kauri sosai. Tsirkiyar bes mafi kauri tana karkarwa kusan sau 41 kacal a daƙiƙa, abin da ke sa sautinta ya yi kaurin da lasifikar waya ba ta iya fitarwa sosai.

Aikin bes shi ne ɗaure bugun ganga da sautin sauran kayan kiɗa. Mai kaɗa ta yana kasa kunne ga babbar gangar da ake bugawa da ƙafa, su faɗa tare, sannan ya riƙe tushen sautin da fiyano da jita suke ginawa a kai. Shi ya sa James Jamerson, wanda ya kaɗa wa kamfanin waƙoƙi na Motown bes a birnin Detroit na Amurka, ya zama ginshiƙin waƙoƙinsu da dama.

Malami zai iya nuna wannan a aji ta hanyar sa mai bes ya yi shiru a tsakiyar waƙa. Nan take ɗalibai za su ji waƙar ta zama fayau, masu gyaɗa kai kuma su tsaya cak.