Dorina a fadama, guza a kasuwa: inda doka ta tsaya

A watan Oktoban 2024 mutanen Yawuri sun daɗe suna bin sawun wata dorina a Kogin Neja. Ta kashe wani bawan Allah da ya fita kamun kifi, manoman shinkafa kuma suka fara jin tsoron sauka fadama. Hukuma ta ba da umarni, masunta da manoma suka shiga kwalekwale da zago a hannu, suka kashe ta ita da ɗanta, aka raba naman a unguwanni. Daga nesa wasu sun yi ta Allah wadai. Mutanen gari kuwa murna suka yi, kuma duk wanda ya taɓa tura jirgi da asuba a ruwan da ya san akwai dorina ba zai yi saurin ganin laifinsu ba.

Abin da ya halasta wannan kisa shi ne umarnin hukuma. Da wani ne shi kaɗai ya ga dorinar ta cinye masa shinkafa, ya tara abokai suka bi ta har maɓoyarta, da maganar ta sha bamban, domin dorina na cikin dabbobin da doka ta ba kariya. Da yawa daga cikinmu a Kebbi ba mu san wannan ba, ga shi kuwa kusan kullum muna cikin daji ko bakin ruwa, wajen noma, kiwo, itace, su da farauta.

Dokoki biyu ne suka hau kan juna a nan. Ta farko tsohuwa ce, dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963. Da aka yanka Arewa zuwa jihohi sai kowace ta gaji dokokin da ta tarar, Kebbi ma da aka cire ta daga Sakkwato a 1991 haka ta yi. Wannan doka ta kasa dabbobi gida-gida, akwai waɗanda aka hana taɓawa, akwai waɗanda sai da lasisi, kuma malaman daji ne ke kula da ita. Ta biyu ta tarayya ce, doka mai lamba 11 ta 1985, wadda gwamnatin soja ta kafa don cika alkawarin da Najeriya ta ɗauka a yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Ita ce ta fi ƙarfi a yau, don haka a kanta zan fi tsayawa.

Dokar 1985 tana da jeri biyu. Dabbar da ke jeri na farko an haramta farautarta, kama ta da cinikinta kwata-kwata. A ciki akwai zaki, damisa, ayu, ɗankunya, kada da aku. Har nan ba wanda zai yi mamaki. Inda mutane ke buɗe baki shi ne idan suka ji cewa mesa da guza ma suna ciki. Guzar da yara ke bi da karnuka a bakin rafi, wadda ake busar da fatarta a kai wa dukawa, a idon doka matsayinta ɗaya da damisa. Jeri na biyu kuma na dabbobin da ba a ce sun kusa ƙarewa ba amma ana tsoron su kai ga haka, su ana iya farautarsu ko cinikinsu idan mutum yana riƙe da lasisi. Lasisin nan na gwamnati ne. Izinin sarkin baka ko na mai unguwa yana da darajarsa a gari, amma ba ya tsaya wa mutum a gaban alƙali.

Wani abin da ya kamata a fahimta shi ne laifin bai tsaya kan wanda ya yi harbi ba. Mallaka ma laifi ce, kuma dokar ba ta bambanta dabba mai rai da sassan jikinta ba. Fatar mesa da ke rataye a rumfar mai magani, haƙorin dorina, ɓawon ɗankunya, man ayu a kwalba, ɗan kada da aka tsinta aka kawo gida ana kiwo a rami, duk suna iya jawo wa mai su tuhuma. "Ai saya na yi" ba ta fitar da mutum. Direban da aka ba buhu ya kai Kamba ko wata kasuwar kan iyaka, ya kyautu ya san abin da ke ciki, domin a can jami'an kwastan ne zai haɗu da su, kuma fitar da irin wannan kaya waje shi ne ainihin abin da aka yi dokar dominsa.

A 1985 tarar laifin farko kan dabbar jeri na ɗaya naira 1,000 ce, wanda ya sake kuma shekara ɗaya a gidan yari ba zaɓin tara. A lokacin kuɗi ne masu nauyi. Da naira ta lalace sai tarar ta zama ba ta kai kuɗin kaza ba, har aka yi gyara a 2016 aka ɗaga ta zuwa naira miliyan 5. Kotu na kuma iya ƙwace kayan da aka kama. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ita ce ke sa ido kan wannan doka a ɓangaren tarayya. A watan Oktoban 2025 Majalisar Dattawa ta amince da wani sabon ƙudiri da ya ƙara tsananta hukunci, don haka alƙiblar da aka dosa a fili take.

To, idan kai ne ka yi kiciɓis da dabbar fa? Doka ba ta ce ka tsaya a kashe ka ba. Ta amince da uzuri guda huɗu: kare ran ɗan'adam, kare ran wasu dabbobi, kare lafiyar jama'a, da babbar maslahar al'umma. Masuncin da kada ya kama wa ƙafa ya soke shi, ko makiyayin da ya tarar da mesa ta naɗe masa akuya ya sare ta, suna da abin faɗa a kotu. Sai dai uzuri ne, wato kai za ka nuna cewa haka abin ya faru. Shi ya sa abin da ka yi bayan kisan yake da muhimmanci ƙwarai. Ka je wurin mai gari ko hakimi, a sanar da malamin daji ko 'yan sanda tun gawar tana nan, shaidu su gani. Wanda ya feɗe mesar a ɓoye ya kai fatar kasuwa ya rushe hujjarsa da hannunsa, domin abin da za a gani a hannunsa ciniki ne.

Uzurin kare rai kuma na lokacin da haɗarin yake ne. Idan dabbar ta juya ta koma ruwa, kai kuma ka koma gida ka ɗauko bindiga ka dawo washegari, wannan farauta ce.

Gona ba ta cikin waɗannan uzurori huɗu, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Dorina da dare take fitowa kiwo, tana iya cin ciyawa kimanin kilo 40 kafin gari ya waye, abin da take tattakewa da ƙafa kuma ya fi wanda take ci. Manomin rani da ya ci bashin taki da man injin ban ruwa, ya wayi gari ya ga rabin gonarsa ta kwanta, dokar tarayya ta ce masa kada ya taɓa dabbar, amma ba ta tanadar masa diyya ko ta sisi ba. A 2018 giwaye sun ɓullo a yankin Zariya Kala-Kala da ke ƙaramar hukumar Koko/Besse, suka shiga gonaki, gwamnan lokacin Atiku Bagudu ya roƙi jama'a kada su cutar da su, mutane kuma suka yi haƙuri. Sun cancanci yabo. Amma haƙurin talaka bai kamata ya dogara da halin gwamnan da ke kan kujera ba. A ganina Majalisar Dokokin Kebbi tana da ikon gyara wannan, tunda namun dajin da ke wajen gandayen tarayya hurumin jiha ne. A rubuta yadda za a kai ƙara, wa zai zo ya auna ɓarna, cikin kwana nawa, da abin da za a biya. Muddin ba a yi haka ba, mutum zai ci gaba da ganin dorina a matsayin abokiyar gaba, doka kuma a matsayin mai goyon bayanta.

Kafin a kai ga wannan, abin da masunta na gargajiya suka sani shi ne kariya mafi kusa. Kada ka shiga tsakanin dorina da ruwa, domin idan ta firgita ruwa take nufa, kuma a tudu ta fi mutum gudu. Mai ɗa ta fi kowace haɗari. Hanyar da take bi ta fito kiwo a bayyane take ga mai lura, ba a kwana a kanta, ba a ɗaure jirgi a bakinta.

Dokar ta kuma yi magana kan yadda ake farautar. Ga dabbobin da ke cikin jerinta, ta hana amfani da guba, da wuta, da mota ko babur, da bindiga mai sarrafa kanta, da farautar dare. Muna yara, da an gama girbi sai a cinna wa daji wuta a tsaya da sanduna da karnuka ana jiran zomo da gafiya. Ba mu ɗauke shi komai ba. Yanzu na san abin da wutar ke ci: ciyawar da shanu za su ci da rani, ƙananan itatuwa, ƙwan fakara da na zabin daji, wani lokaci har da damin dawar da mai shi bai kwashe ba. Ƙa'idojin muhalli na tarayya na 2011 sun hana ƙona daji ba tare da izini ba, ko don wace dabba ce. Guba kuwa ta fi wuta mugunta. Wanda ya zuba wa mushe maganin ƙwari don kura, ungulu ce za ta fara sauka a kai. Ku tuna yawan ungulu a mayankar garinku shekaru talatin da suka wuce, ku duba yau. A ruwa ma haka ne, dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta hana su da guba, da nakiya, da lantarki.

Bindigar toka da ke rataye a ɗaki ita ma tana da dokarta. Dokar makamai ta 1959 ta ce sai da lasisi daga kwamishinan 'yan sandan jiha, mai harsashi kuma izininta daga Sufeto Janar yake fitowa. A halin da dazukan Kebbi da Zamfara suke ciki yanzu, mutumin da aka tare a daji da bindiga ba takarda, tuhumar da zai fuskanta ta wuce ta farauta nesa ba kusa ba. Masu tsallaka ruwa zuwa ɓangaren Borgu kuma su sani cewa gandun dajin Kainji na tarayya ne, a ƙarƙashin dokar gandaye ta 1999. A cikinsa ba a duba jeri na ɗaya ko na biyu. Shiga ba izini, kiwo, sare itace da farautar ko da zomo ne duk laifi ne.

Wasu na cewa duk wannan dokar Turawa ce da ba ta san halinmu ba. Ban yarda ba gaba ɗaya. A Argungu ana rufe kogin Matan Fada a hana su a cikinsa har sai lokacin biki, Sarkin Ruwa ne ke tsare wannan ƙa'ida, kuma saboda ita ne ake fito da manyan kifayen da duniya ke zuwa kallo, har UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Maharban da ma suna da nasu hani, ba sa harbin mai ciki ko mai shayarwa. Bambancin shi ne ƙa'idar Matan Fada kowa a Argungu ya san ta, ya san mai tsare ta, ya san ranar da za a buɗe ruwa. Dokar 1985 kuwa da Turanci aka rubuta ta, sunayen dabbobin har da na Latin, kuma mafi yawan masu bin guza a bakin Gulbin Ka ba a taɓa karanta musu ita a rediyo ko a ƙofar fada ba.