Ba Kowane Magani Ne Ke Shiga Jiki a Shirye Ba

A Zariya, har a layin karɓar magani na asibitin Shika, ana cewa ƙarfin magani duk a ƙwayarsa yake, jiki karɓa kawai yake yi. Ba haka ba ne. Wasu magungunan sai enzayim, wato sinadarin da ke sarrafa abubuwa a cikin jiki, ya taɓa su suke fara aiki.

Ga misalin wani magani mai suna JS-K da ake gwadawa kan ciwon daji. Enzayim GST, wanda ke yawaita a wasu ƙwayoyin dajin, shi ke sa ya saki iskar naitirik oksaid. Kaɗan daga iskar nan buɗa jijiyoyin jini take yi, binciken da ya gano haka ne ya ci kyautar Nobel a 1998. In ta yi yawa kuwa, kashe ƙwayar dajin take yi.

JS-K dai har yanzu a matakin bincike yake, kada wani ya sayar maka.