Magungunan ciwon daji da sinadaran hanta

Yawancin magungunan ciwon daji, musamman na ƙwaya da ake haɗiya, sai sun bi ta hanta kafin jiki ya fitar da su. A cikin hantar akwai wasu sinadarai da ake ce ma enzayim, su ne ke farfasa magani, to in wani maganin daban ya zo ya rage musu gudu sai na dajin ya taru a jini ya zama guba, in kuma ya ƙara musu gudu sai ya fice da wuri bai yi aikin komai ba.

Tarihi

Babban gidan waɗannan sinadarai shi ne saitokrom P450. An fara lura da shi a 1958 a hantar dabbobi, sai a farkon shekarun 1960 wasu Japanawa biyu, Omura da Sato, suka yi masa bayani, lambar 450 ɗin kuwa daga tsawon hasken da yake zuƙa ta fito. Wanda ya fi aiki a gidan shi ne CYP3A4, kusan rabin magungunan da ake rubutawa ta hannunsa suke bi. Wajen 1989 David Bailey da abokan aikinsa a Kanada suka gano ruwan garehul yana toshe shi, kuma bisa katari ne ma, dan sun zuba ruwan ne kawai ya ɓoye ɗanɗanon barasa a wani gwaji na maganin hawan jini.

Haɗuwar da aka fi sani

Rifampicin na tarin tibi shi ne babban mai ƙara gudu, yana iya zabtare maganin daji imatinib a jini da kusan kashi 70 cikin 100, haka ma carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya suna rage shi. Ketoconazole da itraconazole na cututtukan fungus, da kuma ritonavir da ke cikin wasu magungunan ƙanjamau, su kuma toshewa suke yi, shi ya sa in aka haɗa itraconazole da maganin daji vincristine jijiyoyi ke shan wahala, ƙafa ta mutu ciki ya ɗaure. Wani lokacin ma na dajin ne mai laifin: capecitabine yana sa warfarin, maganin tsinka jini, ya yi ƙarfi har jini ya ɓalle, enzalutamide na sankarar mafitsarar maza (prostate) kuma yana raunana magunguna da yawa. Mai shan allopurinol na ciwon gaɓoɓi (gout) sai an rage masa mercaptopurine na sankarar jini sosai.

Tamoxifen na sankarar mama sai wani enzayim na gidan P450, CYP2D6, ya juya shi zuwa endoxifen wanda ya fi shi ƙarfin aiki, paroxetine na ciwon damuwa kuma na toshe wannan hanya. Ko hakan na sa cutar ta dawo, masana ba su daidaita ba.

Gwajin hanta

ALT da AST da ake gani a takardar gwaji su ma enzayim ne amma aikinsu daban, hawansu alamar hanta ta ji ciwo ne. Ana duba su kafin a fara kemo da kuma tsakanin zagaye.

A Kaduna

Masu jinya na zuwa Barau Dikko a cikin gari ko asibitin koyarwa na ABU da ke Shika. Abin da ke ba likitoci aiki shi ne mutum ɗaya yana karɓar maganin tibi a wani asibitin, yana sayen Septrin a kemis ɗin unguwa alhali ba ya jituwa da maganin daji methotrexate, ga kuma jiƙo da sassaƙe da ba a faɗa wa likita. Dan haka ake ce wa majinyaci ya kwaso duk abin da yake sha a leda ya zo da shi ranar kilinik.