Ciwon Suga Nau'i na Biyu a Shekarun Tsufa

Ciwon suga nau'i na biyu, wanda a da ake ce wa ciwon sugan manya, larura ce da jiki ke daina jin insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka, yadda ya kamata, sannan fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi wadda ke samar da insulin ɗin, ta riƙa gazawa a hankali. Sai suga ya taru a jini maimakon ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon suga wannan nau'in ne gare su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu ciwon suga sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, Tarayyar Ciwon Suga ta Duniya kuma ta ce a 2019 kimanin miliyan 136 daga cikin masu ciwon sun kai shekara 65 ko sun haura.

Da wuya a ga tsoho da ciwon suga shi kaɗai. Galibi yana tafe da hawan jini, ciwon zuciya, raunin ƙoda, ciwon gaɓoɓi, raguwar gani ko mantuwa, kowanne da maganinsa, maganin wannan kuma yana taɓa wancan. Wannan ne ya sa kula da dattijo ya bambanta da kula da ɗan shekara arba'in, ko da sakamakon gwajinsu ɗaya ne.

Ganowa

Ana tabbatar da ciwon idan sugan jini kafin a ci komai da safe ya kai 7.0 mmol/L (126 mg/dL), ko kuma gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya kai kashi 6.5. Alamomin da aka saba ji, wato yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama, ba lallai su fito sarai a jikin tsoho ba, domin jin ƙishirwa kansa yana raguwa da shekaru. Abin da aka fi gani shi ne kasala, fitsarin da ke kufcewa, rauni da ya ƙi warkewa, ko ruɗewa, iyali kuma su ce ai tsufa ne. Gwajin HbA1c ma yana iya ɓatar da likita idan mutum yana da ƙarancin jini, ko sikila, ko ciwon ƙoda da ya yi nisa, ko an yi masa ƙarin jini ba da daɗewa ba. A irin wannan hali ana komawa ga auna sugan jinin kai tsaye, a ɗakin gwaji ko ta gwajin yatsa, wato ɗiga jinin yatsa a na'ura.

Iyakar da ake saukar da suga

An daɗe ana ganin duk yadda suga ya yi ƙasa, haka ya fi. Binciken UKPDS na Birtaniya, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1998, ya nuna cewa tsananta kula da suga yana kare ido da ƙoda. Sai dai mutanen da aka yi binciken a kansu sababbin kamuwa ne, ba su wuce shekara 65 ba lokacin da suka shiga, amfanin da zuciya ta samu kuma bai tabbata sosai ba sai bayan ƙarin shekara goma ana bibiyarsu. Daga baya binciken ACCORD a Amurka da Kanada ya ɗauki mutum 10,251 da suka daɗe da ciwon kuma suke cikin haɗarin ciwon zuciya, aka yi ƙoƙarin saukar da HbA1c na rabinsu ƙasa da kashi 6. A watan Fabrairun 2008 aka dakatar da wannan ɓangare tun wa'adi bai cika ba, saboda mace-mace sun fi yawa a cikinsa. Mummunar faɗuwar suga a rukunin ta kai kusan ninki uku na ɗaya rukunin.

Abin da likitoci suka ɗauka daga nan shi ne amfanin matse suga sai an yi shekaru ake girbe shi, illarsa kuwa tana iya zuwa a daren yau. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta kasa tsofaffi kashi uku. Mai ƙarfi a jika, hankalinsa garau, ana nema masa HbA1c ƙasa da kashi 7 zuwa 7.5. Mai cututtuka da yawa, ko wanda mantuwa ta fara taɓawa, ƙasa da kashi 8 ya wadatar. Wanda jiki ya yi rauni ƙwarai kuwa ba a bin lamba a kansa. Abin nema shi ne kada suga ya faɗi, kada kuma ya hau har ya wahalar da shi. Shekarun haihuwa kaɗai ba su ne ke sa mutum a rukuni ba. Ana samun ɗan tamanin a rukunin farko, ɗan sittin da biyar a na uku.

Faɗuwar suga

Nan ne haɗarin da ya fi kusa da tsoho yake, kuma shi aka fi sakaci da shi. Ana cewa suga ya faɗi idan ya sauka ƙasa da 3.9 mmol/L (70 mg/dL). Ƙasa da 3.0 kuwa abin ya yi tsanani. Matashi yana jin gargaɗi da wuri: rawar jiki, bugun zuciya, zufa, yunwa. A jikin tsoho wannan gargaɗin yana dusashewa, sai ƙwaƙwalwa ta fara ruɗewa kafin ya ankara. Magungunan zuciya irin su atenolol suna ƙara ɓoye rawar jikin da bugun zuciyar, su bar zufa kawai.

Ga yadda abin ya saba faruwa. Dattijo ya sha ƙwayarsa da safe kamar kullum, amma ya wayi gari ba ya jin cin abinci, ya kurɓi ruwa kawai ya koma ya kwanta. Wajen hantsi 'yarsa ta shigo ta tarar rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana maganar da ba ta haɗuwa, yana kiranta da sunan wata. Ta ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce ko mantuwar tsufa. Da za a ɗiga jinin yatsarsa a na'ura, da an ga 2.8. Idan yana iya haɗiya, ana ba shi giram 15 na suga mai saurin shiga jini, kamar cokali uku na shayi zuwa huɗu a cikin ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15, a maimaita in bai tashi ba, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, sai a kwantar da shi a gefensa a nemi taimakon gaggawa. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti, domin wasu ƙwayoyin suna daɗewa a jiki su sake kayar da suga bayan sa'o'i.

Faɗuwar suga sau ɗaya tak tana iya kayar da mutum ta jawo karayar ƙugu ko rikicewar bugun zuciya. Don haka duk lokacin da ta faru, ko da ta zo da sauƙi, ya kamata likita ya ji, ya sake duba maganin.

Zaɓen magani

Ƙoda ce ke fitar da magunguna da yawa daga jiki, shi ya sa ba a zaɓa wa tsoho maganin suga sai an duba ƙarfin tacewarta da gwajin eGFR. Metfomin shi ne maganin farko ga mafi yawan mutane, ba ya kayar da suga idan shi kaɗai ake sha, amma ana rage shi idan eGFR ya sauka ƙasa da 45, a daina idan ya sauka ƙasa da 30. Daɗewa a kansa yana rage bitamin B12, rashin bitamin ɗin kuma yana kawo ƙarancin jini da mutuwar ƙafa da mantuwa, abubuwan da ake saurin ɗora wa ciwon sugan ko tsufa.

Gilibenkilamaid yana tilasta wa fankiriyas sakin insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma yana taruwa idan ƙoda ta yi rauni. Ƙa'idojin likitancin tsofaffi sun ce a guje shi. Gilikilazaid, wanda danginsu ɗaya, ya fi shi sauƙin haɗari. Fiyogilitazon yana tara ruwa a jiki kuma yana raunana ƙashi, bai dace da mai gazawar zuciya ba.

Tun daga 2015, lokacin da aka fitar da sakamakon babban gwajin empagilifulozin, an tabbatar da cewa magungunan rukunin SGLT2 suna kare zuciya da ƙoda ban da rage suga. Suna aiki ta hanyar zubar da suga a fitsari, don haka suna iya kawo ƙaiƙayin gaba da ƙarancin ruwa da jiri. Rukunin GLP-1, irin su semagulutaid, su ma suna kare zuciya kuma suna rage ƙiba, sai dai suna kashe sha'awar abinci, wanda alheri ne ga mai teɓa, cuta ce ga tsohon da ya riga ya rame. Insulin yana nan ga duk wanda ya buƙace shi, amma gwargwadon yadda aka sauƙaƙa tsarinsa, misali allura ɗaya a rana, gwargwadon yadda kuskure ke raguwa.

Maganin wani ciwon

Ba magungunan suga kaɗai ake lissafi da su ba. Furedinisolon da danginsa, da ake bayarwa don asma ko ciwon gaɓoɓi, suna ɗaga suga ƙwarai, musamman da rana zuwa yamma. Ibufurofen da daikulofenak, da mutane ke saya da kansu don ciwon gwiwa, suna cutar da ƙoda, illar kuma tana ninkuwa idan sun haɗu da maganin hawan jini da na sa fitsari. Hawan jinin ana son ya tsaya ƙasa da 130/80 ga mai ƙarfi, ana sassautawa zuwa 140/90 ga mai rauni, kuma yana da kyau a auna shi a zaune da a tsaye, domin jirin miƙewa yana kayar da tsofaffi da yawa. Sitatin na rage kitsen jini yana da amfani tabbatacce ga wanda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Asfirin kuwa ba a ba wanda ya haura saba'in don rigakafi kawai, saboda zubar jini.

Mai shan magani biyar ko fiye ya kamata lokaci-lokaci ya kwashe su duka a jaka, har da na gargajiya da waɗanda ya saya da kansa, ya zube su gaban likita ko mai harhaɗa magunguna. Sau da yawa a nan ake gano magani ɗaya mai suna biyu, ko wanda dalilin shansa ya wuce tuntuni.

Ranar da amai ko gudawa ko zazzaɓi ya hana mutum ci da sha, akan dakatar da metfomin da SGLT2 da maganin sa fitsari da wasu na hawan jini na ɗan lokaci bisa shawarar likita, a yawaita shan ruwa da gwajin yatsa. Insulin ba a yanke shi gaba ɗaya. Tsohon da suga ya hau masa sosai, ruwan jikinsa ya ƙafe, yana iya shiga doguwar suma mai kisa cikin 'yan kwanaki.

Abinci, motsi da ƙafa

Tsananta hana abinci yana cutar da tsoho mai rauni fiye da yadda yake amfanar sa, domin tsoka ce ke fara zubewa, zubewarta kuma ita ke kai mutum kwance. Cin abinci a kan lokaci, da isasshen abinci mai gina jiki, da tafiya, da tashi-zauna daga kujera sau da yawa a rana, sun fi doguwar dokar "kada ka ci". Ido da fitsari da ƙafa ana duba su a asibiti aƙalla sau ɗaya a shekara. Ƙafar da jijiyoyinta suka mutu ba ta jin ƙusa ko ruwan zafi, wanda kuma ba ya iya sunkuyawa ko ba ya gani sosai sai wani ya riƙa duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, tun ƙaramin tsagu bai zama gyambo ba.

Mantuwa da ciwon damuwa sun fi yawa a tsakanin masu ciwon suga, dukansu kuma suna sa mutum ya tsallake magani ko ya sha sau biyu. Da zarar an ga haka ana rage yawan magungunan, a sa mutum ɗaya a gida ya riƙe ragamarsu. Idan rayuwa ta zo gangara, ana janye sitatin da mafi yawan ƙwayoyin suga, a rage huda yatsa, a bar majinyaci ya ci abin da ransa ke so, a bar masa maganin da zai hana shi wahalar ƙishirwa da yawan fitsari kawai.