Wai an hana kamun kifi a Afirka ta Kudu saboda tsuntsu?

Jita-jitar da ake ta yaɗawa cewa Afirka ta Kudu ta haramta kamun kifi a teku gaba ɗaya saboda fengwin (wani tsuntsun teku da ba ya tashi sama), har wai wanda aka kama da fatsa sai gidan yari, ba haka zancen yake ba jama'a.

A watan Maris 2025 babbar kotun Pretoria ta mayar da wani sulhu ya zama umarni, bayan ƙungiyoyin kare tsuntsaye na BirdLife South Africa da SANCCOB sun kai ministan muhalli ƙara. Wurare shida ne kawai aka rufe, inda fengwin na Afirka ke ƙyanƙyasa: Dassen, Robben (tsibirin da aka tsare Mandela), Stony Point, Dyer, St Croix da Bird Island. Kuma waɗanda abin ya shafa su ne jiragen kasuwanci masu zagaye kifin sadin da anchobi da babban taru, don su ne abincin tsuntsun. Mai fatsa a bakin ruwa ba shi wannan umarnin ke nufi ba.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne maganar shekara 10 da aka ce rufewar za ta yi. Wasu sun ɗauka an rufe ke nan har abada, wasu kuma na cewa ai bayan shekara 6 za a buɗe, alhali abin da aka ce shi ne a shekara ta 6 masana za su sake duba lissafin, ko tsuntsun ya farfaɗo ko bai farfaɗo ba, amma dubawa ba buɗewa ba ce. Hukuncin ma a cikin sharuɗɗan lasisin jirgi aka sa shi, wanda ya keta iyaka lasisinsa ya jefa a haɗari, dokar albarkatun ruwa ta 1998 ta ba hukuma damar dakatar da shi ko soke shi.

Ni dai ban ga zalunci a nan ba. Ma'auratan fengwin masu ƙwai sun ragu ƙasa da 10,000, a 2024 aka sa tsuntsun cikin jerin masu dab da ƙarewa, kuma masana sun yi gargaɗin zai iya ɓacewa daga teku nan da 2035, yunwa ce ke cin sa. Su kansu kamfanonin kifin sun sa hannu a sulhun. Wanda nake tausayi shi ne ɗan ƙwadagon cikin jirgi, wanda yanzu sai an ƙara nisa da kuɗin mai kafin a samu kamu, shi kuwa ba a zauna da shi teburin ba.