Tokar ɓuntun shinkafa a kankare: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da siminti ya yi tsada, duk wurin ginin da na je sai wani ya ja ni gefe da maganar toka. Bari in amsa sau ɗaya.

Da gaske toka tana maye gurbin siminti?

Kaɗan daga cikinsa. Toka da ruwa zalla ai laka ce.

To wane aiki take yi?

Siminti idan ya sha ruwa yana sakin wani sinadari dangin farar ƙasa, wanda ba ya ƙara wa gini ƙarfi sosai. Tokar ɓuntu kuwa, idan ta ƙonu daidai, sama da kashi 85 cikin 100 nata wani sinadari ne da ake kira silika. Silikar ke kama wannan sinadari ta mai da shi abin ɗauri, ta toshe ƙananan kofofin da ruwa ke bi. Romawa sun yi irin wannan da tokar dutse mai aman wuta ta garin Pozzuoli a ƙasar Italiya tun kafin a san siminti.

Tokar murhu fa?

A'a. Ka bar wa uwargida ta wanke tukunya.

Na ga tulin ɓuntu yana cin wuta a bayan injin shinkafa a Kura. In kwaso?

Ɗebi ka murza a tafin hannu. Idan ta bar maka baƙi kamar gawayi, ba ta gama ƙonewa ba, ruwan kwaɓinka kawai za ta shanye. Idan wuta ta yi mata yawa, silikar ta daskare ta koma kamar yashi, ba ta aiki. Ana son zafin da ke tsakanin digiri 500 zuwa 700, ta fito fari-fari. Sannan sai an niƙa ta ta yi laushin siminti. Ka rufe hanci, ƙurarta na cin huhu.

Nawa zan sa a buhu?

Nan ne nake jan numfashi. Yawancin gwaje-gwaje suna yawo ne tsakanin kashi 10 zuwa 20, amma da tokar da aka ƙona a tanderu mai ma'aunin zafi, aka niƙa da inji. Taka ba haka take ba. Ni zan ce ka tsaya a kashi 10: cire kilo 5 daga buhu mai kilo 50, ka maye da kilo 5 na toka. Da sikeli, don Allah, kada ka auna da kwano. Toka ba ta da nauyi, kwano guda nata bai kama ƙafar kwanon siminti ba.

Kuma ka duba jikin buhun. Simintin da muke saya galibi an riga an gauraya shi da garin dutsen farar ƙasa tun daga masana'anta. Simintin da lambar ƙarfinsa a jikin buhu ta ce 32.5 ba shi da sararin ɗaukar ƙari kamar mai 42.5. Kwaɓin ma zai yi tauri a kan shebur, lebura zai so ya ƙara ruwa, kuma daidai nan ƙarfin yake zubewa. Ko da komai ya tafi daidai, a makon farko zai iya zama bai kai na siminti zalla ba; daga baya yake kamowa. Saboda haka ka zuba samfuri, ka kai ɗakin gwaji na wata kwalejin kimiyya ko jami'a a matse shi bayan kwana 28. Kafin sakamako ya fito, duk abin da na faɗa kirdado ne.

In zuba a dakin (rufin kankare) da fila (ginshiƙi)?

Malam, 'ya'yanka ne za su kwana a ƙarƙashinsa. Ba tare da gwaji da sa hannun injiniya ba, kada ka kuskura. Fara da daɓen tsakar gida, ko bulon katanga.

Na riga na yi daɓe da ita, ya fi na maƙwabcina duhu. Ya lalace?

Kwantar da hankalinka, launi ne kawai. Ka lulluɓe shi da buhun algarara, ka riƙa jiƙawa safe da yamma, aƙalla kwana 14, musamman idan hunturu ne.