Damar Jama'a ta Ganin Kwantiragin Malamai da Ƙa'idojin Gundumomin Makarantu a Amurka

A Amurka yawancin makarantun gwamnati ba gwamnatin tarayya ce ke tafiyar da su ba, gundumomin makarantu ne, sun kai wajen 13,000, kowacce da hukumarta wadda galibi mutanen yankin ne ke zaɓen membobinta. To tunda gundumar ɓangaren gwamnati ce kuma kuɗin haraji take ci, takardunta ma na jama'a ne, ciki har da yarjejeniyar aikin da ta ƙulla da ƙungiyar malamai da kundin ƙa'idojinta. Kowa na iya nema, ba sai yana da ɗa a makarantar ba, sai dai wasu jihohin kamar Bajiniya sun taƙaita abin ga 'yan jiharsu.

Mutane da yawa suna ɗauka dokar 'yancin samun bayanai ta 1966 ce ta ba da wannan dama, amma ita hukumomin tarayya kawai ta shafa. Kowace jiha da tata dokar. Kalifoniya ta yi tata a 1968, Tekzas a 1973, Niyok a 1974. A Kalifoniya in ka aika buƙata hukuma na da kwana 10 ta faɗa maka ko za ta bayar, a Niyok kwana 5 ne na aiki. Amsa ce fa kawai, ba wai takardar ta iso hannunka ba kenan, wani lokacin sai ka yi ta bibiya, kuma suna iya cajin kuɗin kwafi. Yanzu kam manyan gundumomi da yawa suna ɗora kwantiragin a intanet, akwai ma ƙungiyar NCTQ, mai bincike kan ingancin malamai, da ke tattara su a rumbu ɗaya don a kwatanta.

Shi kwantiragin kansa ba ƴar takarda ba ce, a manyan birane yana wuce shafi ɗari. Wanda ya buɗe yawanci jadawalin albashi yake fara dubawa: a tsaye shekarun aiki, a kwance takardun karatu, sai ka bi da yatsa ka ga nawa mai digiri na biyu da shekara goma a aiki yake ɗauka. Bayan nan akwai yawan yara a aji, mintocin cin abincin rana, lokacin shirya darasi, hutun rashin lafiya, yadda ake kai ƙara, da kuma wanda za a fara sallama in kuɗi ya yi ƙasa, wanda a wurare da dama sabon shiga ne ke fara tafiya komai ƙwazonsa. Wannan sashen ne ma ya fi jawo rigima tsakanin iyaye, 'yan siyasa da manyan ƙungiyoyin malaman nan biyu, NEA da AFT.

Ba ko'ina ake da irin wannan yarjejeniya ba. Wiskonsin ce ta fara halatta wa ma'aikatan ƙananan hukumomi zaman ciniki da gwamnati kan albashi da sharuɗɗan aiki a 1959, sai gashi a 2011 ita ɗin ce ta datse yawancin wannan haƙƙi a zamanin gwamna Scott Walker. Karolaina ta Arewa da Tekzas kuwa sun haramta wa malamai shi gaba ɗaya, can sai dai ka karanta ƙa'idojin hukumar da littafin jagoran ma'aikata.

Inda wannan dama ta jama'a ke tsayawa shine fayil ɗin malami ɗaya. Albashinsa galibi a buɗe yake, amma adireshin gida, bayanan lafiya da lambar inshorar zaman jama'a ana toshe su, bayanan ɗalibai kuma dokar FERPA ta 1974 ta kare su. Zaman cinikin ma a yawancin jihohi a ƙulle ake yinsa, sai an gama jama'a su ga sakamako.

Makin tantance malamai ne ya fi tada ƙura. A 2010 jaridar Los Angeles Times ta karɓi sakamakon jarabawar ɗalibai ta wallafa darajar malaman firamare wajen 6,000 da sunayensu, malamai suka ce ma'aunin ba shi da tabbas kuma an ci mutuncinsu. A farkon 2012 birnin Niyok ya saki na malamai wajen 18,000 bayan ƙungiyarsu ta sha kaye a kotu, a shekarar ne kuma jihar ta yi doka cewa iyaye na iya ganin makin malamin ɗansu na yanzu, sauran jama'a kuma su ga alƙaluma ba tare da suna ba.